An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Maganar Man Sintetik Da Injin Rotari

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda yake kan aiki ya ajiye shi sai dare.

Kwana uku ke nan ana kirana ana turo min saƙo, wai ko na ji abin da ya sami motar mutumina. Na ji, har garejin na je da ƙafata. Da niyyata in yi shiru, don abin da ke tsakanina da mai motar ya fi ƙarfin inji. Amma jiya da na ji an fara maganar kai yaron da ya sayar masa da baƙin mai wajen 'yan sanda, wai sai ya biya kuɗin inji, sai na ga shirun nawa ya koma zalunci. Yaron nan in ka tattara duk galan-galan ɗin da ke shagonsa ka sayar, ba za su sayi rabin injin ba.

Ga wanda bai san zancen ba. Wata takwas da suka wuce wani abokina, ba zan kama suna ba, ya sayo Mazda RX-8 ƙirar 2005 daga Kwatano. Da yake na riƙe irinta shekara biyar kafin in sayar, sai ya tambaye ni wane mai zai riƙa zubawa. Na ce ya nemi sintetik mai kyau, na kwatanta masa shagon da nake saye. Makon jiya motar ta fara ƙin tashi in ta yi zafi, sai an jira ta huce. Ranar Lahadi ta ƙi tashi gaba ɗaya. Aka ja ta zuwa gareji, bakanike ya buɗe bonet, ya tambayi irin man da ake zubawa, aka faɗa masa. Nan take ya yanke hukunci: "Ai shi ke nan, Alhaji. Sintetik ne ya kashe ta. Wannan motar ba ta shan sintetik."

Ko minti goma bai yi a kanta ba. Bai auna komai ba, bai kwance fulogi ko ɗaya ba. Kuma a zaman nan ne ya ce wa Alhaji wataƙila sai an canza fistan da ringi. Jama'a, motar da babu fistan ko ɗaya a cikinta!

To bari mu fara daga nan, don wanda bai san yadda injin yake ba ba zai gane rigimar man ba.

Injin da ke cikin Corolla ko Accord ɗinka, fistan ne ke hawa da sauka a cikin silinda. Injin RX-8 ba shi da fistan, ba shi da bawul. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa a kumbure, yana juyawa a cikin wani gida mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Irinsa biyu ne a jere. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro tsarin, aka fara tayar da injin gwaji a 1957. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar bangon gidan yana tare iska kada ta tsere, ana ce masa afes sil. Ran injin a nan yake. In ya cinye, ƙarfin matsa iska ya tafi, mota ta daina tashi.

A injin fistan, baƙin mai yana shafe bangon silinda daga ƙasa, ringi ya share shi ya mayar da shi. A rotari babu wannan hanya, domin bangon da afes sil ke gogawa shi ne ɗakin da wuta ke ci. Saboda haka aka sa wani ɗan famfo da ke ɗibar baƙin mai daga cikin injin yana ɗiga shi cikin ɗakin wuta da gangan, ya shafe bango, sannan ya ƙone tare da fetur ya fita ta salansa. Duk wanda ya taɓa haɗa wa ƙaramin janareta Tiger fetur da mai ya san wannan lissafin. Bambancin kawai, a motar nan famfo ne ke yi maka haɗin, kuma daga man juyenka yake ɗiba. Wato kullum kana tafiya, man yana raguwa. Lafiyayyar RX-8 tana shan baƙin mai, haka aka ƙera ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yanzu ga hujjar masu cewa sintetik ne, kuma ba zan ɓoye ta ba don ita ce mafi ƙarfi. Littafin da Mazda ya haɗo da motar ya yi gargaɗi a kan zuba sintetik. Gaskiya ne. Dalilin da ake bayarwa shi ne, tunda man nan ƙonewa yake yi a ɗakin wuta, ana tsoron wanda ba ya ƙonewa tas zai bar dauɗa ta daskare, ta maƙale sil. Akwai kuma tsohon tsoro tun shekarun 1970, lokacin da sintetik ya fara shigowa kasuwa, wasu mayukan na farko ba sa jituwa da robobin inji na wancan zamanin. Wanda ya ce shi littafi zai bi, ya zuba minaral mai kyau, wallahi ba ni da rigima da shi. Bai yi kuskure ba.

Rigimata da wanda ya tsallake daga "littafi ya ce a guje shi" ya dira kan "shi ne ya kashe injin nan", ba tare da ya auna komai ba. Tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiya mai nisa.

Na farko, shi kansa Mazda a Japan ya sayar da man sintetik da aka yi musamman don injin RX-8, sunansa Synthe-Renesis, 0W-30. Renesis ɗin ma sunan injin ne. Kamfanin da ya rubuta gargaɗin shi ne ya zuba sintetik a gwangwani ya buga tambarinsa. A fahimtata abin da wannan ke nufi shi ne, kamfani ba zai iya gwada ɗaruruwan mayukan da ke kasuwannin duniya ba, sai ya rufe ƙofa gaba ɗaya ya bar wanda ya gwada da kansa. Kariyar kai ce ta kamfani, kuma ban ga laifinsa ba.

Na biyu, a 1991 motar Mazda 787B mai injin rotari ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karo na farko da kamfanin Japan ya ci wannan gasa. Man da ke cikinta na Idemitsu ne, sintetik, kuma har yau kamfanin na sayar da sintetik na masu rotari. Na san wani zai ce motar tsere daban, motar kai yara makaranta daban. Na yarda. Amma in da sintetik guba ne ga rotari kamar yadda ake faɗa a gareji, da ba a kai ga awa 24 ana ba ta wuta ba.

Na uku, tokar da ke saura bayan mai ya ƙone, mafi yawanta daga sinadaran da ake ƙara wa man take fitowa, irin su kalsiyam da zink, waɗanda ke wanke inji da hana ƙarfe cin ƙarfe. Waɗannan suna cikin minaral, suna cikin sintetik. Za ka iya samun minaral mai yawan toka, musamman irin na manyan motocin dizal, ka kuma samu sintetik mai ƙarancinta. Kuma mayukan da ake yi musamman don a ƙone su, irin na injin da ake haɗa wa fetur da mai, masu daraja a cikinsu da ba sa hayaƙi sosai da yawa sintetik ne. To ta yaya za a ce sintetik ba ya ƙonewa?

Na huɗu, ita kanta kalmar ta zama ta kasuwa. A 1999 a Amurka an yanke hukunci a wata taƙaddamar talla tsakanin Mobil da Castrol, aka amince a kira man da aka tace daga ɗanyen mai da tacewa mai zurfi da sunan sintetik. Tun daga nan, da yawa daga abin da ke kan kanta da wannan suna asalinsa ɗanyen mai ne da ya sha gyara. Ka tambayi mai cewa "sintetik ne ya kashe ta" wane iri yake nufi, ka ga ko zai ba ka amsa.

Na biyar, kuma wannan nake so a riƙe. Afes sil ya fara mutuwa tun kafin sintetik ya hau kantar masu mota. Kamfanin NSU na Jamus ya fito da Ro 80 a 1967, injinan suka riƙa cinye sil da wuri, canza wa mutane inji ya durƙusar da kamfanin, a 1969 Volkswagen ya karɓe shi. Injiniyoyin Mazda a farkon shekarun 1960, ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, sun sha fama da wasu zane-zane da sil ke yi wa bangon inji har suka laƙaba musu sunan farcen shaiɗan. Ita kanta RX-8, a Amurka inda dillalan kamfanin ke zuba man da littafi ya ce, injina sun mutu da yawan da sai da Mazda ya tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000. Da ya tashi gyara ƙirar 2009, me ya yi? Ya ƙara bakin ɗiga mai na uku a kowane gida, da biyu ne. Shi da ya ƙera injin ya gano cewa man da ke isa ga sil ne bai wadatar ba. Motar mutumina ta 2005 ce, mai baki biyu.

To yanzu ga abin da na tarar a gareji.

Na zaro gejin mai, da ƙyar ya taɓa bakin ƙarfen. Na ce, "Alhaji, yaushe rabonka da duba mai?" Ya ce tun da aka yi juye. Yaushe aka yi juye? Wata huɗu. Na ce ka ƙara ko sau ɗaya? Ya ce, "A'a, ai an ce min sintetik yana kai wata shida." Ka ji fa. A Camry wataƙila wannan magana ta wuce lafiya. A motar da ke ƙona mai da gangan, wadda kamfaninta ya ce a riƙa duba geji bayan kowane cika tanki biyu, wannan kisan kai ne. Kuma man nan ba shafe ƙarfe kaɗai yake yi ba, shi ne ke sanyaya ƙarfen mai kusurwa uku daga ciki. Ka rage shi, sannan ka shiga cunkoso da rana tsaka a watan Afrilu.

Na ce a kwance fulogi. Huɗu ne, biyu a kowane gida, na sama daban na ƙasa daban. Baƙi ƙirin, a jiƙe da fetur. Kwayil huɗu, ga alama tun waɗanda ta zo da su ne, ba wanda ya taɓa su. Kwayil ɗin motar nan an san shi da saurin gajiya. In ya yi rauni fetur ba ya ƙonewa duka, sai ya wanke ɗan man da ke bango, ragowar ya tafi ya dafa indomin salansa ya toshe shi.

Na tambayi mai gadin gidan yadda ake yi da safe. Ya ce kullum sai ya tayar da ita ya fito da ita ƙofar gida a wanke, ya kashe, in an gama ya sake tayarwa ya mayar. Duk mai RX-8 ya san wannan shi ne abin da ta fi tsana a duniya: a tayar da ita da sanyi a kashe kafin ta ɗumama. Fetur ne ke cika ɗakin wuta.

Na tambayi Alhaji yadda yake tuƙi. Ya ce saboda tsadar fetur ba ya barin allura ta wuce 3,000. Injin da jan layinsa ke kan 9,000! Rotari in ba a buɗe masa wuta lokaci-lokaci bayan ya ɗumama, dauɗa taruwa take yi, ko wane irin mai ka zuba.

Sai na ƙarshe, wanda ba wanda ya faɗa min sai da na ga gwangwanin a but. Wata biyu baya wani bakanike ya ga ɗan hayaƙi da safe, ya ce ringi ne, ya juye mata wannan mai kaurin kamar zuma da ake zubawa tsofaffin motoci don su daina hayaƙi. Wannan abin ɗan famfon zai ɗiba ya tura ta siraran bututu zuwa ɗakin wuta. Shi ba wanda ya ce a kai shi wajen 'yan sanda.

Kuma a kan duk wannan, ranar da aka sayi motar ba wanda ya auna ƙarfin matsa iskar injin. Rotari yana da na'urar awonsa daban, tana ba da lamba uku a kowane gida, shida ke nan. Mota ta kusa shekara ashirin, ta yi yawo a hannun mutanen da ba mu sani ba, an kalli fenti da kujeru da ƙofofin nan masu buɗewa kamar littafi, aka biya kuɗi. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan yawan ran da ya rage wa injin ranar da ya shigo ƙasar nan.

Duk waɗannan a gabanmu, amma an bar jaki ana dukan taiki.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma na faɗa masa a gaban mutane. Ya tambaye ni mai, na ba shi sunan mai, na yi gaba. Ban zaunar da shi na ce wannan motar ba kamar sauran ba ce, galan ɗin mai ba ya barin but. Ban gaya masa cewa littafi ya yi gargaɗi a kan sintetik ba, in bar shi ya zaɓa da kansa. Na ɗauka duk wanda ya sayi RX-8 ya san abin da ya saya. Wannan sakaci ne daga gare ni, kuma na nemi afuwarsa. Amma sakacina ba zai zama dalilin da za a ɗaure ɗan mutane ba.

Wani ya ce min to in man jabu ne fa? Tambaya ce mai kyau, don duk mun san jabun mai ya cika kasuwa, ana tara tsofaffin galan a cika su da abin da Allah kaɗai Ya sani a liƙe. In ana zargin haka, ragowar man na nan, galan ɗin na nan, a kai a gwada. In ya tabbata jabu ne, ni zan fara ba da shaida a kansa. Sai dai ku lura, in jabu ne to ba sintetik ba ne ke nan, maganar bakanike ta faɗi. In kuma na gaske ne, yaron ya sayar da abin da aka ce ya bayar. Ta kowace fuska ba a kama mutum da "an ce". Ni dai shekara biyar a wajensa nake saye, kuma na sayar da tawa tana tashi bugu ɗaya, da zafi da sanyi.

'Yan uwana makanikai, ina girmama sana'arku, da yawanku kun fi ni sanin mota nesa ba kusa ba. Amma don Allah mu koyi cewa "Oga, wannan injin ban san shi ba." Ba ta rage wa kowa daraja. Abin da ke rage daraja shi ne ka ce za ka canza fistan a inda babu fistan, sannan ka nuna wani da yatsa. Kalma ɗaya daga bakinka tana iya rufe shagon wani.

Ga masu irin motar nan, ko masu sha'awar saye, ga abin da na koya da kuɗina:

1. Kada ka biya ko sisi sai an auna matsa iska da na'urar rotari. In babu, ka bar ta ta yi zafi sosai, ka kashe, ka sake tayarwa nan take. In ta yi ta jan ƙafa, ka yi sallama.

2. Duba geji bayan kowane cika tanki biyu. Mai a but kullum.

3. Minaral ko sintetik, ka zaɓi na gaske daga hannun wanda ka yarda da shi, ka yi juye da wuri. Kada ka bi lissafin wata shida. Ko an yi juye ba duka tsohon man ke fita ba, wani kaso yana maƙale a na'urar sanyaya mai da bututunta.

4. Littafin Amurka ya ce 5W-20, na Turai 5W-30. A zafinmu ni ban taɓa sauka ƙasa da 5W-30 ba. Wannan ra'ayina ne.

5. Kada ka kashe ta da sanyi. In ta ɗumama kuma, ka samu hanya mai kyau ka bar ta ta yi kuka.

6. Fulogi da kwayil da wayoyinsu, ka canza kafin su nuna maka.

7. Masu rotari da yawa suna ɗan zuba man haɗi mai kyau a tankin fetur, kamar mililita 4 a kowace lita, don taimaka wa sil. Ba umarnin kamfani ba ne, kuma yana iya rage wa indomi kwana. Ni na yi, ban yi nadama ba.

8. Zumar hana hayaƙi, ko kyauta aka ba ka, a'a.

Alhaji na, na san za ka karanta. Na san zafin asarar nan, miliyoyi ne, kuma a wannan zamanin ba wasa ba ne. Ka yi haƙuri ka janye maganar 'yan sanda. Gobe in sha Allahu zan zo da wanda ke da na'urar awo, mu sa sababbin fulogi da kwayil, mu busar da fetur ɗin, mu ga lambobin da idonmu. Mai yiwuwa ma injin bai mutu ba, na sha ganin wadda aka yi wa ta'aziyya ta tashi. In lambobin sun nuna ya tafi, sai mu zauna mu yi lissafin gyara, kuma kuɗin awon a kaina.

Wanda yake da hujjar da ta saɓa wa tawa, bisimilla, ya kawo, amma ya zo da abin da ya auna ko ya gani a cikin injin da aka buɗe. "Ogana ya ce" ba za ta karɓu ba yau.

Allah Ya mayar da alheri, Ya tsare mu da ɗaukar alhakin bayinSa.